Babbar Jami'a Ko Wadda Za Ta Ba Shi Fili: Lissafin Minti 40 Kafin Yaro Ya Sa Hannu

Wata Asabar bayan la'asar, wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya ya tare ni a ƙofar shagonsa, ya miƙo mini wayarsa. Ɗansa, dogon yaro da ya kusa ƙafa bakwai, yana ajin ƙarshe a wata sakandare a Amurka, kuma jami'o'i biyu sun yi masa tayin karatu kyauta idan zai buga musu ƙwallon kwando. Ɗayar sananniya ce, ana nuna wasanninta a talabijin kowane mako. Ɗayar kuwa sai da na nemi sunan garinta a taswira.

Ya ce, "Malam, kai ne mai bin waɗannan abubuwa. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da babbar."

Na ce, "Alhaji, a ba ni takarda da biro tukuna."

Ya yago mini bayan wani rasit. Na rubuta 40 a sama, na ja layi a ƙasa. Wasan jami'o'i a Amurka minti 40 ne, rabi biyu na minti 20. Mutum biyar ke cikin fili, kuma a yawancin ƙungiyoyi dogo ɗaya ne ke tsayawa a gindin kwando. Ke nan duk dogayen da koci ya tara, a kan waɗannan minti 40 za su yi rabo. Idan akwai wanda ya shekara uku a makarantar yana cin 28, saura 12. Idan koci ya sake ɗauko wani gogagge daga wata jami'a, 12 ɗin ma sun tafi. Na ce masa kafin mu yi maganar sunan makaranta, mu fara duba sunayen waɗanda za su kasance a ƙungiyar kakar baɗi, mu ga nawa zai rage wa yaron.

Wannan lissafi nake so in shimfiɗa a nan, domin yaranmu da ke fita ta wannan hanya suna ƙaruwa, kuma yawancinsu dogaye ne da suka fara wasan a makare. Hanya biyu ce a gabansu, kowace da waɗanda suka bi ta, ana iya duba inda ta kai su.

Hanyar farko ita ce shiga babbar jami'a kai tsaye: irin su Duke, Kentucky, Kansas. Amfaninta a fili yake, ba na kuma son in rage mata komai. Masu neman 'yan wasa na ƙungiyoyin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, suna zaune a bakin fili har lokacin atisaye. Akwai likitoci, akwai masu kula da abinci da ƙarfin jiki, kuma wanda kake gogayya da shi kullum a atisaye ya fi yawancin abokan hamayyar da za ka haɗu da su a ƙaramar gasa. Joel Embiid, ɗan Yawunde, ya shiga Kansas a 2013. Da farko a benci yake, Tarik Black ne ke fara wasa, amma kafin ƙarshen Disamba koci Bill Self ya ba shi wurin. Ciwon baya ya hana shi buga gasar watan Maris, wadda ake fitar da zakaran jami'o'in Amurka a cikinta, duk da haka Philadelphia ta ɗauke shi na 3 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 2014. Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya fito daga makarantar horarwa ta NBA da ke Saly a Senegal, ya tafi Duke a 2024, ya riƙa fara wasa tun daga ranar farko tare da Cooper Flagg da Kon Knueppel, aka ɗauke shi na 10 a 2025. Shekara ɗaya tal kowannensu ya yi.

Amma a duba Maluach da kyau kafin a ce kowa zai iya. Yana ɗan shekara 16 ya buga wa ƙasarsa Gasar Kofin Duniya ta 2023, ya buga gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka da manyan maza masu iyali, ya je wasannin Olamfik na Faris a 2024, duk kafin ya taka harabar Duke. Sannan lokacin da ya zo, Kyle Filipowski ya tafi NBA, gindin kwandon Duke babu mai shi. Kocin Duke Jon Scheyer ya kira shi ne don ya cike gurbin da yake a buɗe. Idan aka yi masa lissafin bayan rasit, minti 40 ɗin kusan duka a teburi suke.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Ugonna Onyenso, ɗan Najeriya, shi ma daga makarantar Saly. Ya shiga Kentucky a 2022 a ƙarƙashin koci John Calipari. A lokacin Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango, ya dawo bayan an zaɓe shi gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka gaba ɗaya a kakar da ta gabata. Wa zai cire irin wannan mutum daga fili don sabon yaro? Onyenso ya kwashe shekararsa ta farko yawanci a zaune, sai 'yan mintuna idan wasa ya riga ya ƙare. Tshiebwe ya tafi a 2023, sai a ce to yanzu hanya ta buɗe. Ina! Calipari ya kawo Aaron Bradshaw, ya kawo Zvonimir Ivisic daga Kuroshiya, dogaye uku masu ƙafa bakwai a kan kujera ɗaya. A watan Fabrairun 2024 Onyenso ya tare ƙwallo 10 a wasa ɗaya da Ole Miss, abin da ya nuna cewa baiwar tana nan tun tuni, fili ne ba ta samu ba. Bayan wata ɗaya Oakland ta fitar da Kentucky a zagayen farko na gasar watan Maris da ci 80 da 76, Calipari ya koma Arkansas a Afrilu, ƙungiyar ta watse, Onyenso ya koma Kansas State, daga nan kuma Virginia a 2025. Jami'a uku cikin shekara huɗu. Ban ce Kentucky ba ta amfane shi ba. Wanda ya yi shekara yana ture-ture da Tshiebwe a atisaye dole ya ƙaru. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma shekarun cancantar wasa a jami'a ƙidayayyu ne, wadda ta wuce a benci ba ta dawowa.

Hanya ta biyu ita ce farawa daga jami'a matsakaiciya ko ƙarama, inda koci ke buƙatarka da gaske. Pascal Siakam, ɗan Duwala, ya tafi New Mexico State a 2013, makarantar da 'yan kallo kaɗan ne a wajen Amurka suka san ta. Shekarar farko bai buga ba, an ajiye shi yana atisaye ba tare da an ƙirga masa shekarar ba. A 2014 babban dogonsu Sim Bhullar ya tafi neman NBA, wuri ya samu. A kakar 2015 zuwa 2016 Siakam yana cin maki sama da 20 a kowane wasa, yana cafe ƙwallon da ta kuskure kwando sama da sau 11, aka ba shi gwarzon gasar WAC da makarantarsu ke ciki. Toronto ta ɗauke shi na 27 a 2016, bayan shekara uku ya ɗaga kofin NBA. Wanda ke jagorantar Toronto lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, kuma shi kansa wasan kwalejinsa a Amurka a wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu ya fara, Bismarck State da ke Dakota ta Arewa. Mutumin da ya san cewa ana samun ɗan wasa a lungun da ba kyamara, shi ya je ya zaƙulo Siakam.

A zamanin Siakam, idan ka zaɓi ƙaramar makaranta to kusan ka zaɓe ta ke nan har ƙarshe, domin wanda ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda ba wasa. Wannan doka ce ta canza, kuma canjin nata ne ya sa nake ganin ma'aunin ya karkata. A 2018 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta buɗe rajistar masu son sauya sheƙa, wadda kowa ke kira fotal. A 2021 aka yarda ɗan wasa ya sauya sau ɗaya ya ci gaba da wasa nan take. A 2024 aka cire iyakar, muddin karatunsa na tafiya daidai. Yanzu makarantar farko matakala ce.

Rueben Chinyelu ya nuna yadda ake hawa ta. Ɗan Najeriya ne, shi ma ta Saly ya bi, ya fara da Washington State a 2023. Ba ƙaramar makaranta ba ce, tana cikin gasar Pac-12 a lokacin, amma ba ta cikin gidajen sarautar ƙwallon kwando. Yawanci daga benci yake shigowa, sai dai yana shigowa a kowane wasa, a lokacin da wasan ke da zafi. Ƙungiyar ta kai gasar watan Maris ta 2024, karo na farko tun 2008. Da kocinsu Kyle Smith ya koma Stanford, Chinyelu ya shiga fotal ya koma Florida. Akwai abu biyu a wannan zaɓi da nake so iyaye su lura da su. Kocin Florida, Todd Golden, tsohon mataimakin Kyle Smith ne a San Francisco, saboda haka yana da wanda zai tambaya gaskiyar halin yaron. Na biyu, dogon Florida Micah Handlogten ya karye a ƙafa a watan Maris na 2024, gindin kwando ya zama babu kowa. Chinyelu ya je ya tarar da wuri, ya riƙa fara wasa duk kakar.

Na kalli wasan ƙarshe na wannan kaka. A San Antonio daren 7 ga Afrilu 2025 ne, a wajenmu kuwa wajen ƙarfe biyun dare aka fara, na jingina waya da tulun ruwa na rage sauti don kada in tashi yara. Florida ta bi Houston a baya kusan duk wasan, ta zo ta ci 65 da 63. Ku dubi waɗanda suka ɗauki nauyin: Walter Clayton Jr. daga Iona ya zo, Alijah Martin daga Florida Atlantic, Will Richard daga Belmont, Chinyelu daga Washington State. Huɗu daga cikin biyar ɗin da ke fara wasa, duk a wata makaranta suka yi ƙuruciyarsu. Kwana biyu kafin nan, Houston ɗin ta fitar da Duke da ci 70 da 67 bayan Duke ta yi gaba da maki 14 a rabi na biyu. A wannan wasa Maluach, mai ƙafa bakwai da inci biyu, bai cafe ƙwallo ko ɗaya daga kwando ba, domin yana fama da irin su J'Wan Roberts da ya shekara shida a jami'a. Ban kawo wannan don in rage darajar yaron ba, ina matuƙar son wasansa. Na kawo shi ne domin koci-koci duk sun kalli wannan wasa, kuma darasin da suka ɗauka shi ne da tsohuwar zuma ake magani. Kocin da kujerarsa ke rawa, idan aka ba shi zaɓi tsakanin ɗan shekara 18 mai alamar alheri da ɗan shekara 22 da ya buga wasa ɗari, ya san wanda zai sa. Kentucky ta ci kofi da sababbin yara a 2012, Duke ta ci a 2015, amma a lokacin babu kasuwar gogaggu irin ta yau.

Shi ya sa jerin sunayen da koci zai nuna wa yaro a watan Nuwamba, lokacin sa hannu na farko, ba shi ne jerin da zai tarar a watan Yuni ba. Da zarar kaka ta ƙare a Maris da Afrilu, fotal ke cika, 'yan wasa fiye da dubu suna neman sabon gida. Babbar jami'a tana da kuɗin da za ta sayo wanda take so a cikinsu, kuma dogo gogagge na cikin masu tsada. Ƙaramar jami'a kuwa ita ake yi wa kwasa: dogonta da ya yi fice shi ake ɗauke mata, ta wayi gari tana neman wanda zai maye gurbinsa. Iska ɗaya ce ke kaɗawa, amma a babbar makaranta tana rufe wa sabon yaro ƙofa, a ƙaramar kuma tana buɗe masa.

Kada a ɗauka hanya ta biyu ba ta da ƙaya. Yawancin ƙananan gasanni ƙungiya ɗaya tal suke aikawa cikin waɗanda ke buga gasar watan Maris, don haka yaro na iya yin shekara biyu ba wanda ya gan shi a babban dandali. Dogayen da zai fuskanta sau da yawa ba su kai shi tsawo ba, sai ya saba da cin nasara cikin sauƙi, ya ɗauki ɗabi'un da za su ba shi kunya a gaba. Kayan aiki da kula da lafiya ba ɗaya ba ne. Kocin ƙaramar makaranta idan ya yi nasara, shi ma ɗauke shi ake yi. Sannan akwai abin da ya fi damuna: karatu. Duk sauya jami'a na iya cinye wasu darussan da aka riga aka ci, domin sabuwar makarantar ba lallai ta amince da su duka ba. Jami'o'in rukunin farko sun haura 350, zaɓen NBA kuwa zagaye biyu ne, mutum 60 ko ƙasa da haka a shekara daga duniya baki ɗaya. Mafi yawan yaranmu digirin ne za su dawo da shi gida, ko su riƙe shi su tafi wasa Turai. Wanda ya yi tsalle-tsalle makaranta huɗu ya fito ba takarda, an cuce shi, ko da kuwa shi ya zaɓa.

Alhaji ya tambaye ni maganar kuɗi, kuma yana da haƙƙi. Tun 1 ga Yuli 2021 'yan wasan jami'a ke iya karɓar kuɗi ta hanyar talla da sunansu da hotonsu. A watan Yuni 2025 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko, a raba tsakanin duk wasanni, kuma a manyan makarantu ƙwallon ƙafar Amurka ke lashe kaso mafi tsoka. A nan babbar jami'a ta fi ƙarfi, babu gardama. Amma ɗanmu da bizar ɗalibi ta F-1 yake zaune, kuma wannan biza ta taƙaita irin aikin da zai yi a biya shi a cikin Amurka. Tshiebwe, duk da sunansa, sai da Kentucky ta je wasannin share fage a Bahamas a Agustan 2022 sannan ya yi amfani da kwanakin ya ɗauki hotunan talla, saboda yana wajen ƙasar. Don haka duk adadin da wakili zai faɗa a waya, a ce masa ya rubuta, ya kuma bayyana ta wace hanya za a biya ɗalibin da ba ɗan ƙasa ba, a kai takardar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar su duba. Kuma kuɗin sabon yaro da ke benci ba ya kai na wanda ya yi kaka guda yana nuna kansa. Wanda ya fara a ƙasa ya yi fice, a shekara ta biyu shi ake bi da farashi.

Idan aka ce in zaɓa, ga inda na tsaya. Yaron da ya riga ya buga da manyan maza ya tsaya da ƙafarsa, wanda masu sharhi ke sa sunansa cikin goman farko tun bai shiga jami'a ba, kuma babbar makarantar ta rasa dogonta, ya tafi, kada ya waiwaya. Wannan Maluach ne, kuma irinsa ba a samun su kowace shekara. Sauran, waɗanda suka fara riƙe ƙwallo suna da shekara 14 ko 15, waɗanda har yanzu suke tsalle wa duk wata yaudara su jawo laifi (a jami'a laifi biyar ke fitar da mutum), abin da jikinsu ke buƙata shi ne wasa na gaske, minti 15 ko 20 kowane dare, su yi kuskure a bar su a fili su gyara. Ba a koyon tsayuwa a gindin kwando daga kan kujera.

Muka buɗe shafukan makarantun biyu a wayar Alhaji, ina karantawa yana rubutawa. A babbar akwai dogo ɗan aji uku da zai dawo, akwai wani sabo da aka fi ɗansa daraja a jerin masu tasowa, kuma kocin ya ɗauko dogo daga fotal shekara biyu a jere. A ƙaramar, dogonsu na ajin ƙarshe ne, na bayansa bai kai ƙafa shida da inci tara ba, kocin kuma ya shekara shida a wurin. Na ce ya sa yaron ya tambayi kowane koci abu uku da bakinsa: dogaye nawa kake shirin ɗaukowa daga fotal a bana, minti nawa sabon dogonka na ƙarshe ya samu a shekararsa ta farko, kuma idan na ji rauni gurbin karatuna yana nan ko sai an sabunta shi kowace shekara. Na biyun ba ya ɓoyuwa, alƙaluman suna shafin makarantar, ana iya gwada amsar koci da su. Na ƙara masa da cewa ya tabbatar takardun sakandaren yaron, har da na ajin da ya yi a gida kafin ya tafi, sun isa cibiyar tantance cancanta ta NCAA da wuri, domin darussa 16 take nema, kuma tantance takardun ƙasashen waje yana cin lokaci.

Ya daɗe yana kallon rasit ɗin. A ƙarƙashin babbar makaranta mun rubuta 6, da alamar tambaya. A ƙarƙashin ƙaramar mun rubuta 20.

Ya ce, "To Malam, idan ya yi kyau a can, manyan za su sake nemansa?"

Na ce, "Da izinin Allah, Alhaji. Florida ma a Washington State ta gano nata."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya duba agogo yana lissafin awa nawa ne tsakaninmu da su, ya ce zai kira yaron bayan isha'i, lokacin rana ce a can.